Tsawo ba ya kayar da bene

Ranar 22 ga Agustan 2023 aka yi ruwa da iska mai ƙarfi a Makka, iskar har tana ture masu ɗawafi, kuma a daren aka ɗauki bidiyon aradu tana sauka a ƙololuwar dogon benen nan mai agogo da ke kallon Harami. Bidiyon ya ƙi tsufa. Da zarar maniyyata sun fara biyan kuɗin kujera sai ya dawo cikin wayoyin mutane, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Jabo, daga Kebbe zuwa Kuchi, sau da yawa da muryar wani a kai yana gargaɗi: benen ya tsage, benen yana rawa, kada wanda ya kuskura ya hau. Sai kuma a samu alhajin da ya taɓa hawa ya ƙara wa zancen gishiri ba da niyya ba, ya ce wallahi shi kunnensa ya toshe a hanya, kuma da ya isa sama ya ji kamar ƙasa na tafiya da shi. Alhajin bai yi ƙarya ba. Fassarar da ake yi wa abin da ya ji ce ba daidai ba, kuma ita ce take damuna, domin tana sa mu ji tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba, mu kwana lafiya a ƙarƙashin abin tsoro na gaskiya.

Ginin da muke kira Agogon Makka shi ne mafi tsawo a rukunin benayen Abraj al-Bait. Tsawonsa mita 601, hawa 120, an kammala shi a 2012. Kowace fuskar agogon faɗinta mita 43 ne. A 2019 aka buɗe gidan tarihi a hawa huɗu na can sama, inda ake nuna tafiyar rana da wata da taurari da yadda magabata suka auna lokaci, tare da baranda da mai ziyara zai tsaya ya leƙo Harami. Wanda ya tsaya a nan yana ganin ɗawafi gaba ɗayansa a kallo guda, farin zobe yana juyawa bai tsayawa, abin da na cikin cunkoso ba zai taɓa gani ba. Ina da saɓani da yadda aka yi ginin. An rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya a 2002 don a samu filinsa, kuma raina bai taɓa kwanciya da ganin otal ya yi wa Ɗakin Allah rumfa haka ba. Masu tuna hadisin Mala'ika Jibrilu kan gasar dogayen gine-gine su ma suna da abin faɗa, wannan fagen malamai ne. Amma ƙin tsarin gini daban, cewa zai faɗo daban.

Shin yana motsi? Yana yi. Duk dogon bene a duniya yana yi, kuma da gangan aka gina shi ya yi. Mu nan ƙasar giginya muke. Kowa ya ga abin da iskar farkon damina ke yi: ta kware kwanon makaranta, ta kayar da katangar bulo wadda ta tsaya ƙyam ta ƙi sunkuyawa, ita kuwa giginya mai tsawon nan sai kanta ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, gari ya waye tana tsaye. Ba ƙarfin ƙin motsi ya tsare ta ba. Jikinta yana karɓar bugun iskar ya rarraba shi tun daga kai har saiwa, saiwar kuma ta riƙe ƙasa. Ƙarfe da kankaren da aka zuba wa rodi yadda ya kamata haka suke, suna ɗan lanƙwasawa su koma mazauninsu. Injiniyoyi sukan ƙayyade wannan lanƙwasa da kusan kashi ɗaya cikin 500 na tsawon gini a lokacin iska mafi tsanani. Ke nan bene mai mita 600 zai iya kaucewa da mita ɗaya da 'yan kai a can ƙololuwa, alhali komai nasa lafiya lau.

Burj Khalifa na Dubai, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya suka fi sani, shi ne mafi tsawo a duniya tun buɗe shi a Janairun 2010, mita 828. Ƙololuwarsa takan kauce kusan mita ɗaya da rabi, amma a hankali ƙwarai, zuwa da dawowa ɗaya yana cin sama da sakan goma. Jikin mutum ba nisan motsi yake ji ba, fizga yake ji, shi ya sa mafi yawan masu hawa barandar hawa na 124 ko ta 148 ba sa jin komai. Babban abokin gabar irin wannan gini ma ba iskar da ke tura shi ta gaba ba ce. Idan iska ta bugi dogon abu ta ratsa gefensa, takan bar ƙananan guguwa a bayansa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, bi da bi, kowace tana jan ginin zuwa wajenta. In saurin wannan musayar ya dace da saurin lilon da ginin yake yi da kansa, motsin sai ya riƙa ƙaruwa. Don haka aka yi Burj Khalifa da fukafukai uku masu raguwa mataki-mataki, faɗinsa a kowane tsayi daban, yadda guguwowin ba za su taɓa haɗa baki ba. Kafin a gina shi sai da aka gwada ƙaramin samfurinsa a ɗakin gwajin iska a Kanada sau da dama, har aka juya fuskar ginin saboda abin da gwajin ya nuna. A ƙasa kuma yana zaune kan faifan kankare mai kaurin mita 3.7, bisa turaku kusan 200 da aka kafa zurfin da ya kusa mita 50.

A Taiwan wata dabarar suka yi, kuma ba su ɓoye ta ba, sun mai da ita abin kallo. A cikin benen Taipei 101, mai mita 508, an rataye dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 a hawa na sama. Idan iska ta tura ginin gabas, nauyin dunƙulen yakan sa ya yi jinkirin bi, sai ya ja ginin baya, manyan na'urorin da ke riƙe da shi kuma su shanye ƙarfin. Lokacin mahaukaciyar guguwar Soudelor a Agustan 2015 dunƙulen ya yi lilo na mita guda cur, ginin bai yi ko ƙwarzane ba.

Ba kowane motsi ne ake kawar wa kai ba. A watan Mayun 2021 benen SEG Plaza da ke Shenzhen a ƙasar Sin ya kama girgiza da rana tsaka ba tare da girgizar ƙasa ba, mutane suka fito a guje. Hukuma ta rufe shi, aka bincika, aka gano iska ce ke kaɗa dogayen sandunan ƙarfe biyu da ke kansa, aka cire su, aka sake buɗewa. Abin lura a nan, an rufe, an bincika, an gyara kafin a rasa rai ko ɗaya.

Aradu kuwa, gini mafi tsawo a gari dole ita ce baƙuwarsa. Empire State na birnin New York yakan sha ta sau 20 ko fiye a shekara, kuma yana tsaye tun 1931. Ana kafa ƙarfe a ƙololuwa don ya tare ta, a ba ta hanya ta cikin ƙarafan ginin har ƙasa. Abin da bidiyon 2023 ya nuna shi ne wannan tanadi yana aikinsa. Manomin da hadari ya rutsa da shi a fili a fadamar Kebbe ya fake gindin bishiya ya fi na cikin otal ɗin shiga haɗari nesa ba kusa ba.

Toshewar kunne ma ba ruwanta da lafiyar bene. Nauyin iska yana raguwa in ana hawa, a mita 500 ya ragu da kusan kashi shida cikin ɗari. Lifta irin ta Burj Khalifa tana cin mita 10 a sakan ɗaya, iskar da ke cikin kunne ba ta samun sararin daidaita da ta waje, sai dodon kunne ya ɗaure. Haɗiye yawu ko hamma yana buɗe shi. Duk wanda ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III ya riga ya ji irinsa. Ita kanta liftar ba igiya ɗaya ke riƙe da ita ba, igiyoyin ƙarfe ne da yawa, ga birki mai kama kansa da zarar gudu ya wuce ƙa'ida, dabarar da ta samo asali daga birkin da Elisha Otis ya nuna wa jama'a tun 1854 ta hanyar sa a yanke igiyar da ke ɗauke da shi.

Akwai abin da tsayi ke canjawa da gaske, kuma ya fi jita-jitar daɗin ji. Mutum a tsaye a fili idonsa ba ya wuce kusan kilomita biyar kafin ƙasa ta lanƙwashe ta ɓoye sauran. Daga mita 555, tsayin barandar hawa na 148 a Burj Khalifa, iyakar gani takan kai kusan kilomita 84. Da a tsakiyar Tambuwal aka kafa ta, ranar da ba hazo, ido zai wuce Kebbe da Jega da Birnin Kebbi, ta arewa ya wuce Shagari da Yabo ya kai Boɗinga. Saboda haka rana takan daɗe ba ta faɗi ba ga na sama. A 2011 malaman Dubai suka yi fatawa cewa mazauna sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin buɗa baki, na sama da hawa na 150 su ƙara uku, tunda suna ganin rana bayan an kira magariba a ƙasa.

To, me ke kayar da gini? A Makkar ma an ga amsa. A Janairun 2006 wani masaukin alhazai kusa da Harami, wanda bai kai hawa goma ba, ya rufta, mutum 76 suka rasu. A ranar 11 ga Satumban 2015 ƙugiyar ɗaga kayan gini ta faɗa cikin Masallacin Harami ana iska, sama da mutum 100 suka rasu, har da 'yan Najeriya, Allah ya jiƙansu. Mutane da yawa har yau suna haɗa wannan da benen agogo, alhali na'urar aikin faɗaɗa masallaci ce, kuma bincike ya nuna an bar hannunta a ɗage saɓanin umarnin waɗanda suka ƙera ta. A gida, benen Ikoyi mai hawa 21 ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe sama da mutum 40, bayan kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya janye tun Fabrairun 2020 da wasiƙar cewa ba zai iya lamuntar ingancinsa ba. A Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa ya faɗi a titin Beirut na Kano, kan kasuwar waya. A Yulin 2024 makarantar Saint Academy a Jos ta danne ɗalibai, 22 suka rasu. Hawa biyu ce kacal.

Yanzu bene ya shigo mana. A bakin titin Sakkwato zuwa Jega shaguna masu hawa ɗaya da biyu suna ta tashi, makarantun Islamiyya suna ɗora aji a kan aji, masallatai suna ƙara sama. Ina murna da wannan, alamar arziki ce. Amma na san yadda ake yawan yin aikin. Harsashin da aka haƙa don ɗakin ƙasa shi ake ɗora wa bene bayan shekara biyar, don kuɗi ya samu. Buhun siminti ɗaya ana so ya fitar da bulon da ya kusa ninka abin da ya dace. Inda ake buƙatar rodi mai milimita 16 sai a sa mai 12, wani lokacin ma wanda bai cika kaurin da aka rubuta ba. A zuba dakin da yashi mai ƙasa, a bar shi ya bushe a zafin Afrilu ba bayi, alhali kankare yana son ruwa aƙalla mako guda kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, sannan a cire katakon tallafi da wuri saboda ana jiran sa a wani aikin. Ba a auna ƙasa, ba zanen injiniya, sai "Malam birkila ya daɗe yana yi". Birkila gwani ne a aikinsa, ina girmama shi, amma lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka ba aikinsa ba ne, kuma zalunci ne a ɗora masa.

Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, muna da COREN mai rajistar injiniyoyi, kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka. Abin da ba mu cika gani ba shi ne jami'i ya zo wurin gini ranar zuba dakin, ya duba rodi kafin kankare ya rufe shi. Bayan an rufe, ba mai sake ganin abin da ke ciki sai ranar da ya fito da kansa. Mai unguwa da kwamitin masallaci da iyayen yara suna da ikon tambaya tun kafin wannan rana: wa ya zana, wa ya sa hannu, harsashin na hawa nawa ne?

Masu shirya bitar maniyyata a Tambuwal da Kebbe su ma akwai abin da za su ƙara. Dattijuwar da ba ta taɓa hawa bene ba za a kai ta hawa na goma sha a masauki, ta yi makonni a can. A ware rabin sa'a a nuna mata yadda ake kiran lifta, cewa in ta tsaya a hanya akwai maɓallin ƙararrawa kuma ba a ɓalle ƙofa, cewa in gobara ta tashi matakala ake bi ba lifta ba, kuma ta nemi inda matakalar take tun ranar da ta sauka. Wanda kuma ya gama ibadarsa, guzurinsa ya ba shi, yana sha'awar hawa gidan tarihin agogon, ya sayi tikitinsa ya hau, ya zaɓi lokacin da ba zai rasa jam'i ba.