Ko Ka Sani? Na'urar da Ta Riƙa Kai Labarin Farashi Daga Kasuwar Hannun Jarin New York

Rubutun nan da ke wucewa a ƙasan allon talabijin lokacin labaran kasuwanci, ɗauke da gajerun sunayen kamfanoni da farashinsu, asalinsa wata 'yar na'ura ce da ba ta fi a ɗora a kan tebur ba.

Kasuwar hannun jarin New York ta samo tushe ne a 1792, lokacin da dillalai 24 suka sa hannu a kan yarjejeniyar yin ciniki a tsakaninsu. Aikinta shi ne haɗa kamfani mai neman jari da mai kuɗin da ke neman inda zai zuba. To amma shekara da shekaru labarin farashi a ƙafa yake tafiya. Yara 'yan aike ne ke sheƙa gudu daga zauren ciniki zuwa ofisoshin dillalai da 'yar takarda a hannu, kuma kafin yaro ya isa wataƙila farashin ya canza. Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san abin da ake nufi: mai fara jin farashin buhu shi ke cin kasuwa.

A 1867 wani ma'aikacin kamfanin tangarahu mai suna Edward Calahan ya ƙera na'urar da ake kira tika. Da wayar tangarahu take aiki. Idan aka yi ciniki a zaure, ma'aikaci zai buga saƙon, nan take ƙafafun na'urorin da ke ofisoshi su juya, ɗaya ta buga haruffan sunan kamfani, ɗaya ta buga lambobin farashi, a kan siririyar takarda da ke ta zubowa ba tsayawa. Thomas Edison, tun yana saurayi, ya gyara ta a wajajen 1871 ta yadda na'urori masu yawa za su riƙa tafiya daidai da juna. Daga nan dillalin da ke wani gari mai nisa ya fara ganin farashi kusan lokaci guda da na birnin, kuma wannan adalci ne babba ga ƙaramin mai saka jari.

Takardar da aka gama karantawa ma ta samu aiki. A 1886, ranar buɗe Mutum-mutumin 'Yanci, ma'aikata suka riƙa watso ta daga tagogin benaye a kan masu jerin gwano. Abin ya zama al'adar karrama manyan baƙi a birnin, har Nelson Mandela ya samu irin wannan tarba a 1990.

Ranar da aka fi gane muhimmancin na'urar ita ce ranar da ta gaza. A 24 ga Oktoba 1929 an yi cinikin hannun jari kusan miliyan 13, tika ta kasa bin sahu, ta yi lattin kimanin awa huɗu. Mutane na kallon farashin da ya riga ya wuce, ba su san nawa dukiyarsu ta koma ba, sai tsoro ya sa suka yi ta sayarwa ido rufe. Ranar 29 ga watan cinikin ya haura miliyan 16, kasuwar ta durƙushe. Ba na'urar ce ta jawo faɗuwar ba, amma jinkirinta ya ƙara wa firgicin ƙarfi.

Zuwa shekarun 1960 allunan lantarki da kwamfuta suka fara maye gurbinta. A Najeriya, kasuwar hannun jarin da aka kafa a Legas a 1960 ta daɗe tana ciniki da baki, ana kiran sunan kamfani dillalai na tayawa, sai a 1999 ta koma kan kwamfuta. Gajerun sunayen dai suna nan: mai neman farashin simintin Dangote a yau DANGCEM zai duba, mai neman na MTN kuwa MTNN.