Me Ya Sa Ake Duba Tukunyar Boila A Kai A Kai?



A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Ingila da Rasha, makarantu da asibitoci da otal-otal suna da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake kira boila. Ana hura mata wuta da gas ko dizal, ta zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa ɗakuna ya ɗumama su. A nan ƙasarmu ma, manyan injinan shinkafa da tururin boila suke turara shanshera kafin a casa.

Wannan tukunya tana son kulawa saboda abubuwa uku.

Na farko, datti. Kun taɓa leƙa cikin butar mai shayi? Za ku ga wani farin abu kamar alli ya manne a gindinta. Daga ruwa yake fitowa. Idan ya taru a cikin boila, sai ya hana zafi isa ga ruwan. Mai ya ƙare da wuri, ƙarfen kuma ya yi ta cin wuta har ya tsage. Shi ya sa ake tace ruwan, ana kuma zubar da na ƙasa mai dauɗa.

Na biyu, ƙarfin tururi. Idan ruwa ya zama tururi, yana neman wuri fiye da ninki 1,000 na wanda yake ciki. Don haka akwai wani ɗan murfi da ke buɗe kansa ya saki tururi idan ya yi yawa. Dole a riƙa gwada shi, a kuma duba yawan ruwa kullum. A shekarar 1905 boila ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu.

Na uku, hayaƙi. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa, tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana kisa. Ita ce a hayaƙin janareta da na gawayi. Yanzu da hunturu ke tafe, mu tuna wa iyayenmu kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe.

Bayan duban kullum, ƙwararren injiniya yakan buɗe boila sau ɗaya a shekara ya wanke ta, yawanci kafin sanyi ya shigo. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga wakiliyar Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.