Maganin ɗigo a ido: wa ya kamata ya biya?

A hunturun bara, ina tsaka da rubutun furojet, idona ya soma ƙaiƙayi da ja. Kullum daga Katabu nake shigowa makaranta, ga ƙurar hanyar Zariya da safe, ga hasken kwamfuta har tsakar dare. Na shiga wani kemis, aka miƙo min maganin ɗigo, na biya daga kuɗin abincina. Ya yi aiki kuwa, shi ya sa duk sanda ya ƙare sai in koma. Kwalba uku na ƙarar.

Wata rana ina yi wa yayata da ke aure a Amurka ƙorafi a waya, sai ta ce, "Mu nan ai da katin asusun lafiya muke saye." Na ce wane irin asusu kuma?

Ga yadda abin yake. Ma'aikaci a can yana iya ware wani abu daga albashinsa kafin a cire haraji, a zuba a asusun da aka keɓe wa lafiya kaɗai. Iri biyu suka fi shahara, FSA da HSA. Kuɗin FSA yawanci in shekara ta ƙare ba ka kashe ba sun tafi, na HSA kuwa, wanda aka kafa a 2003, naka ne, suna taruwa. Tun 2020 ana iya sayen maganin da ba ya buƙatar takardar likita da su, har da na ɗigo a ido. Ribar ita ce, kuɗin maganin haraji bai taɓa su ba.

Mu nan ba mu da wannan asusu. Abin da ya fi kusa da shi shi ne inshorar lafiya: abin da ma'aikaci ya zuba a tsarin hukumar NHIA ana fitar da shi daga albashi kafin a lissafa haraji, kuma in an rubuta masa magani kashi 10 cikin 100 kawai yake biya. Amma inshorar Baba ba ta ɗauke ni ba, domin 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 take rufewa. Ni ina da 22. Yawancinmu a nan mun faɗo daga wannan inuwar ba mu ma sani ba.

To, namu shi ne TISHIP, inshorar ɗaliban manyan makarantu. Ku ɗauko rasit ɗin rajistarku ku duba, ni dai a nawa na gan ta a rubuce. Wato na riga na biya kuɗin ganin likita tun farkon zango, sannan na je ina sake biya a kemis. Wallahi abin ya ba ni haushi. Sharaɗinta dai ka fara zuwa asibitin makaranta, su duba ka, in abin ya fi ƙarfinsu su ba ka takardar turawa gaba. Rasit ɗin kemis ba wanda zai mayar maka da kuɗinsa.

Kuɗin ma ba su ne babbar asarar ba. Da na je, likita ta karanta jikin kwalbar ta ce, "Wa ya ba ka wannan?" Ashe akwai sinadarin dexamethasone a ciki. Yana kashe ja da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa yana iya ɗaga hawan ruwan ido, wato gilakoma, ko ya jawo yana. Ganin da gilakoma ta ci kuwa ba ya dawowa. Ta tura ni Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando aka auna, Allah Ya taimake ni ba a samu ɓarna ba. Nawa ƙaiƙayin ƙura ne da bushewar ido, aka sauya min magani mai sauƙi.

Ta kuma gargaɗe ni kada in ajiye kwalba fiye da mako huɗu bayan buɗewa, kada kuma in ara wa kowa, musamman lokacin afolo. Wannan na faɗa ne don 'yan hostel, inda kwalba ɗaya kan zagaye ɗaki guda.