Kare da Kyanwa a Gida Ɗaya: Matsalar Magidanta a Ƙasar Roni

Ƙaramar Hukumar Roni, wadda take cikin masarautar Kazaure, ta koma Jihar Jigawa ne a shekarar 1991 da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Kano. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, inda arzikin magidanci yake cikin rumbunsa na gero da dawa da kuma 'yan bisashen da ke turke. Saboda haka gidan gona yana bukatar masu gadi iri biyu. Kare shi ne maganin ɓarawon dare, kyanwa kuwa ita ce maganin ɓarawon da ba ya bi ta ƙofa, wato ɓera. Abin takaici, masu gadin nan biyu sau da yawa zaman doya da manja suke yi, kuma kyanwa ce ke barin gidan.

Wannan asara ba ƙarama ba ce. Ban da hatsin da ɓera yake ci, yana ɓata abinci da fitsarinsa da kashinsa, kuma ta haka ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yake kama mutane.

Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa yawancin rigimar rashin fahimtar juna ce. Kare yakan kaɗa wutsiya idan yana murna ko yana neman wasa, alhali kuwa kyanwa sai ranta ya ɓaci take kaɗa tata. Daɗin daɗawa, ɗabi'ar kare ce ya bi duk abin da ya ruga da gudu, balle karen da aka saba fita farauta da shi. Da zarar kyanwa ta zura sau ɗaya ya bi ta, to ya sami sana'a.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani bincike da aka buga daga Jami'ar Tel Aviv a shekarar 2008 ya gano cewa an fi samun jituwa idan kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma aka haɗa su tun ba ta kai wata 6 ba, shi kuma karen bai cika shekara ɗaya ba. Wanda ya kawo kwikwiyo gidan da akwai mage, ya ɗaure shi a ƙofar gida kwanakin farko, su saba da warin juna, su riƙa hangen juna daga nesa. Kada a bar yara su riƙe kyanwa su kai ta bakin kare wai don su gaisa. Da yakushi ake tashi.

Ginin gidan Bahaushe ma ya taimaka. Kare dama wurinsa zaure ne ko garke, domin a mazhabar Malikiyya ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7, ita kuwa kyanwa tana shiga har ɗaki ba a ƙyamarta. Abin da ya rage shi ne a tabbata tana da wurin hayewa, kamar katanga ko rumfa ko kan rumbu, kuma a raba musu kaskon abinci. Sauran tuwo yana iya riƙe kare, amma kyanwa maciyar nama ce, tana bukatar ɗan kifi ko nama. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kamun ɓera sun yi kuskure, gidan maƙwabta kawai za ta koma. A kuma guji zuba gubar ɓera a irin wannan gida, gama dabbar da ta ci mushen ɓeran ita ma tana iya mutuwa.

Babban haɗari dai shi ne ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka ta hanyar cizo, ta kuma kai wa yaran da ke wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Ana yi wa dabbobin biyu allurar rigakafi tun suna wata 3, a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya tsara. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, ba sai ya jira ya ga ko karen zai haukace ba.