Masuntan Khartum da Omdurman: Wane jirgi ne ya dace da aljihu da kuma kogi?

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025 ne sojojin Sudan suka bayar da sanarwar ƙwace Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman daga hannun dakarun RSF, bayan kusan shekara biyu ana gwabza yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. A cikin watan ne kuma suka karɓe Jabal Auliya, inda madatsar ruwan nan da aka kammala a 1937 take a kan Farin Nilu, kudu da Khartum. Waɗannan wurare biyu duk suna da muhimmanci ga Bahaushen Sudan, domin ɗaya wurin fatauci ne, ɗayan kuma wurin su. Wanda ya dawo daga gudun hijira ya tarar babu jirgi babu taru, ga iyali suna jiran cefane, to tambayar da ke gabansa ita ce da wane irin jirgi zai sake komawa ruwa da ɗan abin da ya rage a hannunsa.

Ga mai karatun da bai sani ba, Hausawa sun daɗe da yin suna wajen kamun kifi a Sudan. Yawancinsu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, da kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Mai Wurno ne ya kafa garin da ake kira da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Har sunan kawara ma ɗaya ne a bakin Bahaushe da Balaraben Sudan, kuma da ita da tsage ake yin fasikh, kifin gishirin nan da ake ji da shi a can.

To sai ga ƙaramin jirgin roba na Turawa mai suna kayak, wanda matasanmu ke gani a waya suna sha'awa. Asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara, da fatar dabbar ruwa suke yin sa. Na zamani wanda aka yi don kamun kifi yakan kai tsawon mita 3 zuwa 4, nauyinsa kuma galibi tsakanin kilo 20 da 35. Mutum ɗaya zai iya saɓa shi ko ya ja shi har gida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da barin kaya a bakin kogi ya zama kasada. Irin wanda ake zama a kansa yana da 'yan ƙofofi a ƙasa da ruwa ke zurarewa da kansa, ba sai an yi ta kwarfa ba. Mai faɗi ya fi zama daram amma yana da nawa, siriri mai tsawo ya fi gudu amma yana saurin kifewa da wanda bai saba ba. Nauyin da kamfani ya rubuta a jikinsa kuwa ya haɗa har da matuƙin, kuma masana sun fi son kada a wuce kashi uku cikin huɗu na adadin.

A nan ne muke ganin gizo ke saƙar. An ƙera kayak ne domin mai fatsa, wanda zai kama kifi biyu ko uku ya koma gida. Masuncinmu kuwa da kalli yake aiki, ko mamari, ko birgi, sau da yawa su biyu ne a jirgi, ɗaya na tuƙi ɗaya na ja. Jiƙaƙƙen taru kaɗai kaya ne, balle a ce Allah ya kawo giwan ruwa, wanda Larabawan can ke kira ijil, da kan fi babban mutum nauyi. Tsayuwa a jefa birgi daga kan ƙaramin kayak kuwa, sai wanda ya shirya wanka.

Sannan ga rana. Zafin Khartum yakan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, kuma robar da ake yin waɗannan jirage da ita tana lanƙwashewa idan ta daɗe a rana, daga baya ta bushe ta tsage. Gam ba ya kama ta yadda ya kamata, sai dai a narka wata robar irinta a liƙe. Na hurawa da iska ya fi kowanne araha da sauƙin ɗauka, amma duk wanda ƙayar ƙurungu ta taɓa soke wa hannu ba ya bukatar dogon bayani.

Jiragen gida kala uku aka fi sani. Akwai sharuk, ƙaramin kwalekwale, akwai faluka ta katako, sai kuma murkab al-hadid, wato jirgin ƙarfe. Unguwar Abu Ruf da ke bakin Nilu a Omdurman ta yi suna tun zamanin kakanni wajen sassaƙa jirage da icen bagaruwa, wanda suke kira sunuɗ. Icen yana da nauyin tsiya, amma yana jure ruwa shekara da shekaru, kuma in ya fara yoyo, tsumma da kwalta da 'yan ƙusoshi sun isa. Icen gawo ya fi shi sauƙin nauyi, bai kai shi ƙarko ba. Na ƙarfe tsatsa ce abokiyar gabarsa, sai dai babu unguwar da za a rasa mai walda. Saboda haka mu a namu lissafin, ba ranar saye kaɗai ake auna araha ba, har da ranar da jirgi ya fashe ana tsakiyar kakar kifi, ko za a sami mai gyara kafin la'asar.

Ruwan da mutum zai shiga shi ma abin dubawa ne. Tafkin Jabal Auliya yana da faɗi, kuma idan guguwar habub ta taso, jirgi marar nauyi shi iska ke fara wasa da shi. Shuɗin Nilu yakan cika ya yi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, ko da yake madatsar da Habasha ta fara tara wa ruwa a 2020 ta sauya yadda yake zuwa. Inda muke ganin kayak zai yi rana shi ne lungunan ruwa marasa igiya, ga saurayin da ke neman karfasa da tarwaɗa na miyar gida, ko mai zagayen duba gura da sassafe.

Wanda ya sami na hannu zai saya, ya kifa shi ya duba ƙasansa da kyau, musamman ta baya inda ake jan sa a kan yashi, ya danna da yatsa ya ji ko robar ta yi laushi, kuma kada ya miƙa kuɗi sai an sa shi a ruwa ya hau da kayan aikinsa. Kuɗin filafili da na rigar hana nitsewa su ma a sa su cikin cinikin tun farko, domin masu sayarwa sukan ware su daban.