Kafin Ka Gina Ɗakin Haya a Bader Gula

Duk matashin da ya dawo gida da ɗan abin hannu, daga Libiya ko Aljeriya ko ramukan zinariya na Jado da aka fara tono a 2014, shawarar da ya fi ji ita ce ya yi gini. Dabba na mutuwa, fari na cinye gona, amma ɗaki yana nan, in ji masu ba da shawara, kuma ƙarshen kowane wata sai ka miƙa hannu ka karɓa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a Yamai ko a cikin birnin Maraɗi. A Bader Gula, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro, sai an sake duba ta, domin abin da ya yi ƙaranci a nan shi ne ɗan hayar kansa.

Manomin garin yana zaune a gidan ubansa, makiyayi yana rugarsa. Masu biyan haya baƙi ne da aiki ya kawo: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, jami'in tsaro, ma'aikacin wata ƙungiyar raya karkara, sai kuma ɗan kasuwar da ke neman shago ko ɗakin ajiye buhunan gero da wake bayan kaka. Ana iya ƙirga su da yatsu, kuma ba mazauna ba ne. Malami na tafiya hutun damina wata uku, wani sa'in ya dawo da takardar canjin wurin aiki. Malaman kwantiragi kuwa, kowa a Nijar ya san yadda alawus ɗinsu ke yin jinkiri. Wanda zai yi gini ya fara zagayawa makaranta da asibiti ya ji inda ma'aikatan ke kwana yanzu, nawa suke biya, me ke damun su a wurin. Sau da yawa amsar ba ta wuce rashin masai mai ƙofa da katangar da za ta kare iyali ba.

Sai lissafi, wanda mutane suka fi gudu. A ɗauka, don misali kawai, ɗaki ɗaya da rabonsa na katanga da masai ya ci jika 600, wato sefa 600,000, ana kuma hayarsa jika 5 a wata. A baki, shekara 10 kuɗin sun dawo. Cire wata uku da ɗakin zai zauna ba kowa, saura jika 45 a shekara. Cire jika 10 na yaɓe da gyaran ƙofa da indararo, saura 35. Yanzu ana maganar shekara 17 ke nan, ba a ma sa watan da ɗan haya zai ce a yi masa haƙuri ba. Kowa ya sa nasa alƙaluman na gaskiya a wannan gurbin, sannan ya auna su da abin da kuɗin za su kawo a kiwon raguna ko ajiyar wake. Gini yana adana dukiya, wannan ba gardama, amma wanda ke jiran haya ta ciyar da gidansa daga shekarar farko zai sha mamaki. Shi ya sa ɗaki biyu da aka gama, aka shiga, sun fi ɗaki shida da suka tsaya a linta suna shan ruwan sama.

Kafin a buga tubali ko ɗaya, akwai batun filin kansa, kuma a nan ne yawancin shari'o'i ke farawa. Dokar tsarin karkara ta Nijar, mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta amince da mallakar gargajiya kamar yadda ta amince da ta takarda, ta kuma kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo: akwai ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta gari wadda mai gari ke shugabanta. Su ne ke ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye da ta kyauta, da kuma yarjejeniyar haya, ta aro da ta jingina. Takardar tana ɗauke da iyakoki da sunayen maƙwabta da shaidu. Wanda ya sayi fili a hannun ɗa guda alhali ba a raba gado ba, ya sayi rigima da sauran magada, har da mata da aka saba mantawa da rabonsu sai ranar da 'ya'yansu suka girma suka zo nema.

Yankin Dakoro yana da wani ƙarin tarko. Tun 26 ga Mayu 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a wannan yanki ake dangantawa da kwarin Tarka, abin da ke arewa da ita na kiwo ne. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake jaddada haka, ta hana wani ya mayar da filin kiwo nasa shi kaɗai. Burtali, mashaya da makiyaya ba a sayar da su, ko wa ya sa hannu a takardar. Fili mai araha a bakin rijiya ko a kan hanyar shanu yana iya zama wanda ba na mai sayarwa ba ne tun asali.

Wajen ginin, damina ce alƙali. A 2024 ambaliya da rushewar gidaje sun kashe fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi asarar rayuka, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a farkon Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, sannan ta rage farashin siminti don a samu a sake gini. Ba sai an yi gida duka da siminti ba, laka tana da sanyi kuma ta fi araha. Amma a kauce wa kwari da hanyar ruwa, a ɗaga tushe, a sa siminti a sahun ƙasa, a yi indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango, a sake yaɓe kafin ruwan farko. Gyaran rufi da bango na mai gida ne. Ɗan haya da ruwa ya lalata wa katifa da takardu ba ya dawowa, kuma zai faɗa wa wanda aka turo a madadinsa.

Yarjejeniya da ɗan haya ita ma a rubuta ta, ko da a warƙa ɗaya ce, da Faransanci ko Hausa ko ajami, gaban shaidu biyu. Mutanenmu na jin kunyar wannan, wai kamar rashin yarda ne. Addini kuwa bai ga haka ba: ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma a fiƙihun Malikiyya haya ba ta inganta sai an san kuɗin an san wa'adin. A rubuta nawa ne, ranar biya, wanda zai yashe masai, ko za a biya watannin hutu, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin tashi. A riƙa ba da rasit ko a buɗe ɗan littafi da kowa ke sa hannu. In biya ya tsaya, a yi magana a wata na farko, a kai gaban mai gari in ta ƙi. Cire ƙofa ko watsa kayan mutum waje yana mayar da mai gaskiya mai laifi. Nijar tana da dokar haya tun 1996, kuma korar ɗan haya da ƙarfi aikin kotu ne.

Mai ba da hayar shago ya san cewa nasa ya ɗan bambanta. A dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashe 16 ke aiki da ita, ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sana'a a shago bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa haya, ba a tashe shi ba tare da diyya ba don kawai wani ya ƙara kuɗi. Mai ba da hayar gona kuma ya tambayi malamai tukuna, domin Malikiyya ba ta yarda a yi hayar ƙasa da abinci ko da abin da ƙasar ke fitarwa ba, kuma cin amfanin gonar jingina a kan bashin rance abu ne da malamai ke kallo a matsayin riba.

Abu na ƙarshe shi ne wakili. Yawancin masu gini suna komawa ci-rani su bar wa ƙane ko kawu karɓar kuɗi, shekara ta zagayo a ce an yi hidimar suna da su. A yanka wa wakilin ladansa a fili, sauran ya riƙa aikawa ko ya ajiye na gyara, kowane wata a rubuce. Wanda ba shi da mutumin da zai iya tambaya lissafi ba tare da zumunci ya ɓaci ba, ya dakata da ginin haya har sai ya dawo gida ya zauna.