Shekara Goma Sha Biyu Ba a Ci Masu Gida a Gida Ba

Ranar Lahadi 23 ga Agusta, 2015, Nasarawa United ta taso daga Lafiya ta zo Kano, ta shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ta ci Kano Pillars biyu da ɗaya. Wanda bai san gasar Najeriya ba zai ce to mene ne a ciki, ai ƙwallo yau gare ka ne gobe ga wani. Abin da ke ciki shi ne, rabon da wata ƙungiya ta ci Pillars a gidanta a gasar ƙasa tun watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta yi hakan. Tsakanin waɗannan ranaku biyu an buga wasa 202. Duk baƙon da ya zo, in ya taki sa'a ya koma da canjaras, in bai taka ba ya koma hannu rabbana. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da Berger ta yi nasara ya kai shekarun gama firamare bai taɓa jin an ci Pillars wasan gasa a gida ba.

Mu a Gumel wannan labari namu ne, ba na aro ba. A 1990 aka kafa Pillars, aka haɗa ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. A lokacin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk cikin jihar Kano suke. Sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa. An raba jiha, an raba ma'aikata da motocin gwamnati, amma ba a raba magoya baya ba. Har gobe in aka ce "Sai Masu Gida" a tashar mota ta Gumel, za ka ji an amsa. Dattijon da ya fara jin wasannin Pillars a rediyo tun yana matashi bai ga dalilin sauya sheƙa don an ja sabon layi a taswira ba, kuma 'ya'yansa a kan haka suka taso.

Ba dare ɗaya Pillars ta zama dodo ba. Sai a 2008 ta ɗauki kofin gasar karo na farko, a hannun koci Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo baya ta yi abin da har yanzu ake ba da labarinsa: ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, aka yi ɗaya da ɗaya a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi biyu da biyu, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta, ta ci ta gida da waje. Wannan rashin nasara ta gida a gasar Afirka ce, shi ya sa ba ta shiga lissafin nan na 202 ba. A kakar 2010 wani siririn yaro daga Jos mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18, abin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar kafin shi, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

Sai kuma shekaru ukun nan, 2012 da 2013 da 2014, kofi uku a jere, biyun farko tare da Baba Ganaru, na ukun tare da Okey Emordi. Ƙungiyoyi biyu ne kawai suka taɓa yin haka kafin ta: Iwuanyanwu Nationale daga 1988 zuwa 1990, da Enyimba ta Aba daga 2001 zuwa 2003. Theophilus Afelokhai na tsaron raga, Gambo Mohammed na gaba, Rabi'u Ali da ake kira Pele na tsakiya yana raba ƙwallo yana kuma ci. Wanda ya ga Rabi'u ya ajiye ƙwallo zai buga tazara, ya ja da baya, filin ya yi tsit, ya san ba zuƙi-ta-malle ba ne in an ce ƙungiyar nan tana da 'yan wasa.

To, shin wannan babakere ya kashe wa gasar armashi? Wannan ita ce gardamar da ake yi a kan Bayern Munich da Manchester City, kuma mu mun gan ta da idonmu tun kafin ta zama abin yayi. Amsata ita ce a'a, kuma teburin gasar ne shaidata. A 2013 Pillars ta ɗauki kofi da maki 63 daga wasa 38, Enyimba na biye da ita da 62. Maki ɗaya tal. Sai ranar ƙarshe aka san zakara. Ka kwatanta da Manchester City da ta haɗa maki 100 a 2018. Ƙungiyar da ba a ci ta a gida, amma ta ƙare da 63, ka san tana zubar da maki da yawa a waje.

A nan gizo ke saƙar. Pillars ce ta fi kowa tsare gida, amma ba ita kaɗai ke yi ba. A waɗannan shekaru kusan kowace ƙungiya zakanya ce a filinta, in ta fita kuma sai ta zama tunkiya. Ka ɗauki jadawalin mako, ka duba wa ke gida, ka riga ka san yawancin sakamakon. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiya za ta kwana biyu a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal, ta sauka da kumburarrun ƙafafu ta shiga fili. Shekaru da yawa ƙungiyar da ke gida ce ke biyan alawus ɗin alƙalan wasa, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. Ga rashin tsaro a filaye, inda alƙali ya san idan ya busa abin da jama'a ba sa so, fitarsa lafiya sai an yi da gaske. Ga kuma wasanni da yawa da babu kyamarar talabijin da za ta nuna wa duniya abin da ya faru. Ba na cewa nasarorin Pillars na sayarwa ne. Ƙungiyar da ta je Alƙahira ta zura wa Al Ahly biyu ba ta buƙatar alfarmar kowa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, lalacewar tsarin ta sa ko nasarar gumi ma sai an yi mata kallon zargi. Ɗan Aba ya ce a Kano ba a barin baƙo ya ci, ɗan Kano ya ce a Aba ma haka ne, kuma kowannensu yana da abin da zai nuna.

Shekarar 2015 ta zo wa Pillars da jarrabawa tun kafin a buga ƙwallon farko na gasar ƙasa. Ranar Alhamis 5 ga Maris, tawagar na kan hanyarta ta zuwa Owerri don wasan buɗe kaka da Heartland, 'yan fashi suka tare motarsu a kusa da Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suka buɗe wuta. 'Yan wasa biyar suka samu raunin harbi, har da Gambo Mohammed. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Waɗannan su ne zakarun ƙasa sau uku a jere, a cikin mota a kan titi, ba su da wata kariya da ta wuce ta kowane matafiyi. Cikin watan suka tafi Maroko a gasar zakarun Afirka, Moghreb Tetouan ta ci su huɗu da nema, nasarar biyu da ɗaya da suka samu a gida ba ta isa ta cece su ba. Ƙungiyar ba ta dawo hayyacinta sosai ba a wannan kaka.

A gefe guda kuma gasar kanta tana sauyawa. Kamfanin LMC da ya karɓi gudanar da ita ya raba ƙungiyoyi da biyan alƙalai, ya sa ladan kuɗi ga wadda ta yi nasara a waje, ana kuma nuna wasanni a talabijin fiye da da. Baƙi suka fara shiga fili da niyyar ci, ba da niyyar rage yawan ƙwallayen da za a zura musu ba. A cikin wannan yanayi Nasarawa United ta zo Ƙofar Mata. Kuma ba tsautsayi ba ne, don ita ce ta ƙare ta uku a ƙarshen kakar. Kofin kuwa Enyimba ce ta ɗauka, mai horar da ita Kadiri Ikhana, mutumin da ya fara kawo wa Kano kofin shekara bakwai kafin nan.

Magoya baya sun ji zafi, wasu ko tuwon dare ba su iya ci ba. Amma ni a ganina wannan rana ta yi wa tarihin Pillars gata. Da aka ga ana iya cin ta a Kano, sai wasa 202 ɗin nan suka ƙara nauyi.

Daga nan gasar Najeriya ta zama irin wadda masu kukan babakere ke mafarki. Rangers ta Inugu ta ɗauka a 2016, bayan shekara 32 tana jira. Plateau United ta Jos ta ɗauka karo na farko a 2017, Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Remo Stars ta Ikenne a 2025, Enyimba da Rangers suna shigowa a tsakani. Daga 2015 zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta ɗauki kofin sau biyu a jere. Idan sauya zakara ne ke kawo 'yan kallo, da tuni kowa ya dawo gida.

Amma ka zaga Gumel ranar Asabar da la'asar. A ƙofar gidan kallo an jingine allo, an rubuta wasannin ranar da alli, lokaci a gefe, kuɗin shiga a ƙasa. Janareto na ruri a bayan rumfa. Ciki benci ne a jere, talabijin biyu ko uku a sama, yara a gaba, manya a baya, kwanon rufi ya ɗauki zafi, kowa na fifita da abin da ya samu. In aka kira magariba a fita a yi salla a dawo, mai ƙofa ya san fuskar kowa. Sunayen da ke kan allon nan Arsenal ne da Chelsea da Manchester United da Real Madrid da Barcelona. Daga 2021 zuwa 2024 Manchester City ta ɗauki kofin Ingila sau huɗu a jere, benci bai taɓa zama babu kowa ba. Wanda ba ya goyon bayan City yana biyan kuɗinsa ne don ya ga ranar da za a kayar da ita, kuma ya yarda har zuciyarsa cewa ƙaramar ƙungiya za ta iya zuwa gidanta ta yi hakan, alƙali ya busa, kowa ya tafi gida lafiya. Wannan yardar ake saya a ƙofar gidan kallo. Bayern ta riƙe Jamus shekara 11, daga 2013 zuwa 2023, kuma tsawon wannan mulki ne ya sa duniya ta juyo ta kalli Bayer Leverkusen a 2024, lokacin da ta ƙwace kofin ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba, da ɗan Najeriya Victor Boniface a gabanta. Haka Leicester City a 2016, ƙungiyar da da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata. Wata biyu bayan ta ɗauki kofin ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow, aka wayi gari rigar Leicester ta shigo kasuwanninmu.

Ba na musun cewa akwai babakeren da ke kashe gasa. A Sikotilan, tun da Aberdeen ta ɗauka a 1985, Celtic da Rangers ta Glasgow suka shafe shekara arba'in suna miƙa wa juna kofi, saboda tazarar kuɗi ta yi yawa. Namu ciwon daban ne. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu na hawa da sauka da ra'ayin wanda ke kan kujera da lokacin da aka saki kuɗi. Wani ɓangare na sauyin zakarun nan ba daidaiton ƙarfi ba ne, rashin ɗorewa ne: a gina ƙungiya bana, a kasa biyan albashi baɗi, 'yan wasa su watse.

Pillars kanta ta ɗanɗana. A 2018, a wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, tana gaba da ci uku da nema, Rangers ta Inugu ta farke duka ukun, ta kuma cinye a bugun fenariti. A 2019 ta share hawayenta a Kaduna, ta ɗauki kofin a kan Niger Tornadoes, shi ma a fenariti. A Afrilun 2021 Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ya sa rigarta. A 2022 kuma aka yi hatsaniya a wasanta da Katsina United a Kano, aka cire mata maki, ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, abin da ya faru a gidan nata ne ya taimaka wajen jefa ta ƙasa. Ta dawo a 2023.

Tamu ta jiha, Jigawa Golden Stars, ta hau babbar gasa a 2019, ta sauka a 2021, kuma wasanninta na gida a Kano da Kaduna ta riƙa buga su. A waɗannan shekaru, matashin Maigatari ko Sule Tankarkar da ke son ganin ƙungiyar jiharsa tana karawa da Enyimba sai ya biya kuɗin mota ya bar jihar, alhali da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba zai ga Liverpool a bayan gidansu.